Godiya ga Malamina na Bakin Gada

  Malam, na san ba za ka so wannan takarda ta fita bainar jama'a ba, shi ya sa na sakaya sunanka, kamar yadda kai ma ka saba sakaya alherinka. Amma yaba kyauta tukuici, kuma tukuicin da ka ƙi karɓa a hannu ya daɗe yana yi mini nauyi a zuci. Ka yi haƙuri in sauke shi a nan.

Shekara kusan ashirin ina riƙe wa yayana littafin lissafi a kasuwar Malanville. Wanda bai san garin ba, sai in ce masa ya bi titin da ya taso daga Kwatano, ya ratsa Parakou da Kandi, ya yi ta mirginawa arewa sama da kilomita 700 har ƙasar Benin ta ƙare masa a bakin kogin Kwara. Nan ne mu. Tsallaken gada kuwa Gaya ce, ta Nijar. Tsofaffi suna cewa da can sunan wurin Tassi, wato rairayi da harshen Dendi, kafin Turawa su laƙaba masa sunan gwamnansu Henri Malan. Kasuwarmu ita ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma daga ranar Alhamis har ƙarshen mako ba ka samun wurin sa ƙafa: garin rogo da masara da doya daga kudu, albasa da shinkafa daga fadamun bakin kogi, fatake daga Doso da Yamai da Kamba. Mu albasa muke yi. Aikina shi ne in san buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ne dako, nawa ne la'ada, wa ya biya, wa aka ɗaga wa ƙafa zuwa wata kasuwa. Da biro da babban littafi mai baƙin bango nake yi, da kuma ƙwaƙwalwa.

Sai ga 26 ga Yuli 2023. Sojoji suka karɓe mulki a Yamai, kwana huɗu bayan haka shugabannin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka taru a Abuja suka sa takunkumi, aka rufe iyaka. Ba sai na tuna maka ba, tare muka gani. Manyan motoci suka yi layi a bakin titi har ido ya gaza, direbobi da yaran mota suna girki a ƙarƙashin tirela, kaya suna ruɓewa a cikin tamfol. Gadar da ke ciyar da gari ta yi tsit. Abin da ya rage na zirga-zirga ya koma kan ruwa, a jiragen fito. Littafina ya daina ƙaruwa ta gefen ciniki, ya ci gaba da kumbura ta gefen bashi.

Shagonka ma haka ya same shi. Kai da ke buga wa masu fitar da kaya takardun duwan, wato kwastan, daga safe har dare, sai ka wayi gari kana zaune kai kaɗai da fanka. Ranar da na shigo, niyyata kawai in ɗauki hoton shafukan bashi, don ruwan damina ya fara taɓa littafin. Ina jiran na'ura ta gama, sai idona ya faɗa kan fuskar kwamfutarka, na ga rubutu layi-layi, wani shuɗi, wani ja, wani kore, cike da baka da waƙafi. Na tambaye ka wane yare ne wannan. Ka ce, "Kawu, JavaScript ake kiransa. Da shi ake gaya wa shafin intanet abin da zai yi." Na ce zai iya lissafin albasa? Ka yi murmushi ka ce, "Ku za ku koya masa." Na ɗauka ladabi ne irin na yaro ga babba. Washegari da la'asar na wuce ta ƙofar, na tarar ka ajiye kujera ta biyu.

Ƙanena na uku ya girme ka. Duk da haka tun ranar Malam nake ce maka, kuma har in koma ga Allah haka zan ce.

Abin da ka fara sa ni yi ƙarami ne ƙwarai. Muka buɗe fayil fari fat, muka rubuta 'yan layukan HTML, ka ce wannan shi ne ginin rumfa, JavaScript kuwa shi ne mai tsaron rumfar. Sannan ka ce in rubuta alert("Sannu da zuwa"), da hannuna. Na ɗauki kusan minti goma ina neman alamomi a madannai. Irin madannan da ke ƙasashen renon Faransa, masu farawa da AZERTY, an yi su ne don rubuta wasiƙa da Faransanci: lambobi sai ka danne wani maɓalli kafin su fito, baka mai ƙugu kuwa tana ɓoye a bayan 4, sai da AltGr take bayyana. Kana zaune, hannuwanka a kan gwiwa. Da na gama muka buɗe fayil ɗin a Firefox, sai ga ƙaramar taga ta fito tana yi mini sannu da zuwa da Hausa. Ba intanet, ba kati, ba kowa a tsakani. Na daɗe ina kallonta. A rayuwata duk abin da na'ura ta taɓa gaya mini, wani ne ya sa mata a baki, da Faransanci ko Turanci. Ranar ni na sa mata.

Daga nan ka shiga ƙa'idoji, kuma ban manta yadda ka shigo da ni ba. Ka tambaye ni ko na yi makarantar allo. Na ce na yi, har na yi nisa. Ka ce, "To me ya raba ba da ta?" Na ce ɗigo. Ɗaya a ƙasa, ba ce. Biyu a sama, ta ce. A rubutun da muka koya ma, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ka ce, "Malaminku yana yarda ku ce ai an gane abin da kuke nufi?" Na ce ina, sai dai a wanke allo. Ka ce to haka kwamfuta take, sai dai ita ba ta da bulala kuma ba ta gajiya. Wannan magana ta cire mini tsoro rabi. Na gane ba sabuwar ɗabi'a ake nema daga gare ni ba, tsohuwa ce da na taso da ita: girmama harafi.

Kowane umarni layinsa, a rufe shi da waƙafi mai ruwa. Ka gaya mini gaskiya cewa sau da yawa ko an manta shi harshen yakan cike gurbin da kansa, amma ka ce in saba sa shi, don mai koyo bai san wuraren da cikewar ke ɓata ma'ana ba. Duk bakan da aka buɗe sai an rufe shi, ko mai lanƙwasa ne, ko mai kusurwa, ko mai ƙugu. Ka koya mini in rufe tun lokacin da na buɗe, sannan in dawo ciki in yi rubutu, kamar mai ɗinka bakin buhu da ke tanadin zarensa kafin ya fara zuba kaya. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne: na rubuta buhu a sama, na kira Buhu a ƙasa, shafi ya ƙi motsi. Ka nuna mini maɓallin F12, taga ta buɗe a gefe, ga jan rubutu da Turanci da lambar layi. Ka ce, "Kawu, wannan ja ba zagi ba ne. Kwatance take yi muku. Ku fara karanta lamba, ita ce unguwar da ɓarnar take." Ni da ban iya Turanci ba, cikin mako biyu na haddace fuskokin saƙonni uku ko huɗu, ina gane su kamar yadda nake gane direbobin Gaya daga nesa.

Abin da ya fi shiga raina shi ne mazubi. Haka ka fassara mini abin da littattafanku ke kira da wani suna: ƙwarya ce da ka rubuta wa suna a jiki, ka zuba abu a ciki. let buhu = 40; wato ga ƙwarya mai suna buhu, arba'in ke ciki, gobe kana iya juyewa ka zuba hamsin. In kuwa abin ba ya canzawa, sai ka ce const, ka liƙe bakin ƙwaryar. Ka tambaye ni me ke cikin sana'ata da ba ya canzawa. Na yi tunani na ce dala. Mu nan ba da tamma muke ciniki ba, da dala muke ƙirga, kowace dala tamma biyar, jika kuwa dala ɗari biyu, wato sefa dubu. Bazabarme ya ce maka dala ɗari biyar, ɗan kudu yana jiran ya ji 2500. Tun kakanni haka take. Sai na rubuta const dala = 5; ka ce daidai. Ka ƙara mini da cewa sefa ma a ɗaure take da kuɗin Turai tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, ita ma const ce. Naira fa? Na yi dariya, don a lokacin, tun da gwamnatin Najeriya ta saki farashinta a watan Yuni 2023, abin da ɗan canji ya faɗa da safe ba shi yake faɗa da yamma ba, kuma mutanen Kamba da naira suke zuwa mana. Ka ce to wannan let ce, ku bar bakinta a buɗe. A zama ɗaya na fahimci bambancin da ka ce ɗalibai a jami'ar Parakou sukan yi mako suna juyawa, ba don na fi su kai ba, sai don ka ɗauko misalin daga aljihuna.

Sunayen mazubi ma da dokarsu. Ba a farawa da lamba, ba a barin fili a tsakiya, ba a sa karan ɗori don za a ɗauka debewa ake nufi. In suna ya haɗa kalma biyu sai a ɗaga baƙin farko na ta biyu, kamar kudinDako, abin da ka ce ana kwatantawa da tozon raƙumi. Akwai kuma kalmomin da harshen ya keɓe wa kansa. Wata rana na so in yi amfani da kalmarmu ta "in" a matsayin suna, shafi ya tsaya cak, ka bayyana mini cewa in tana cikin keɓaɓɓun kalmomin JavaScript, da wata ma'ana dabam.

A nan ne Hausa ta fara karo da harshen, kuma a nan na ga irin kulawarka. Duk zancen da ake so a nuna wa mutum sai an sa shi tsakanin alamun zance, ko masu ƙwaya ɗaya ko masu biyu. Na zaɓi masu ƙwaya ɗaya, na rubuta 'Allah ya sa albarka a sana'a'. Komai ya rushe. Na duba baka, na duba waƙafi, ban ga laifi ba. Ka ce in karanta layin da ƙarfi, amma in karanta shi yadda kwamfuta za ta karanta, wato in tsaya duk inda na ga alamar da na buɗe da ita. Na karanta, na tsaya a "sana". Ashe alhamzar da ke cikin sana'a ita ta rufe zancen tun bai ƙare ba, sauran ya zama tarkace. Wanda ya tsara harshen bai yi tunanin sana'a da jama'a da la'ada da 'ya'ya ba. Magani mai sauƙi ne, a yi amfani da masu ƙwaya biyu. Amma ka zauna ka yi mini bayanin abin da ya wuce magani. Ka ce a Nijar ana rubuta ƴ da lanƙwasa, a Najeriya kuma 'y da alhamza, kuma a wajen JavaScript na farko harafi ne cikakke da zai iya shiga sunan mazubi, na biyu kuwa buɗe zance ne. Ka nuna mini layin da ake sawa a kan shafi mai cewa utf-8, wanda in babu shi ƙ da ɗ da ɓ sukan fito kamar tsutsotsi. Shawararka ita ce in bar sunayen mazubi da baƙaƙe marasa lanƙwasa don sauƙin bugawa, na bi. Amma a abin da mutane za su karanta na ƙi sassautawa, kai ma ka goyi bayana. Ɗan kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin kaya da ƙaya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wajen watan Nuwamba shafina ya fara kama da abin amfani. Akwai gurbin yawan buhu, gurbin farashi, gurbin dako, da sabon gurbi da zamani ya tilasta mana, na kuɗin fito, tunda kaya sai ta jirgi. Na gwada: dako 500, fito 300. Shafi ya ce 500300. Na sake, haka. Abin da ya ƙara ruɗa ni, ninka buhu da farashi yana fita daidai, tarawa ce kawai ta haukace. Taga ba ta nuna ja ba. Na juyo na dube ka. Na san ka gani tun daga kujerarka, don na ga idonka ya sauka a kan layin ya tashi. Gyaran bai fi ƙiftawar ido ba a hannunka. Ba ka miƙo hannu ba. Ka ce, "Kawu, ku je da shi gida."

Kwana uku ina fama. Na kwafe layukan a takarda ina bi da yatsa a rumfa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, har na ce a zuciyata yaron nan yana jin daɗin wahalar da ni. Rana ta uku ka haɗa shayi, ka yago takarda biyu, ka rubuta 500 a ɗaya, 300 a ɗaya, ka jera su a kan tebur gefe da gefe. Ka ce, "Nawa ke nan?" Na buɗe baki zan ce ɗari takwas, sai na tsaya. Ba kuɗi ba ne a gabana, takardu ne masu rubutu. In ka jera rubutu kusa da rubutu, abin da za ka karanta shi ne 500300. Duk abin da mutum ya buga a gurbi, a matsayin rubutu yake isa wurin JavaScript, ko da lamba ce a ido. Alamar tarawa kuma aiki biyu take yi, tana tara lambobi, tana kuma liƙa rubutu da rubutu. Alamar ninkawa aiki ɗaya ta sani, shi ya sa take mai da rubutun lamba da kanta. Na jawo madannai na sa Number a gaban kowane gurbi, na kewaye shi da baka. 800 ta fito.

Da ka gyara mini ranar farko, da na gode maka na manta. Yau ko cikin barci aka tashe ni na san bambancin lamba da hoton lamba. Na sha ganin masu ilimi, na boko da na addini, kuma na san yadda hannu ke ƙaiƙayi in mutum ya iya abu yana kallon wani yana lalube. Karɓewa a yi masa ya fi sauƙi, ya fi sauri, kuma yana sa a ga gwaninta. Wata bakwai muna zama, ban ga rana ɗaya da ka janye madannai daga gabana ba. Wani lokaci har zama kake yi a kan tafin hannunka. Sai daga baya na gane cewa wannan zaman shi ne aikin, kuma ya fi bayanin wuya.

Da na yi ƙorafi cewa wannan ai aibi ne a harshen, ba ka kare shi ba. Ka ba ni labarin cewa wani Ba'amurke mai suna Brendan Eich ne ya ƙago shi a kamfanin Netscape a 1995, kuma cikin kwana goma ya haɗa zubin farko. Abin da aka yi da gaggawa ba ya rasa tabo, kuma tunda shafuka marasa adadi sun riga sun dogara da shi yadda yake, ba a iya rushe tsohon gini, sai dai a yi ta ƙara ɗaki. Let da const ma sai a 2015 suka shigo, kafin nan var ake amfani da ita. Na ji daɗin wannan gaskiyar. Ta sa na daina ganin kwamfuta kamar wani abu daga sama. Mutane ne suka yi, a gurguje, da kurakuransu, kamar yadda aka yi rumfunan kasuwarmu.

Daga wannan darasi sauran 'yan uwansa suka zo da sauƙi. Mu da muka taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, mun saba rubuta dubu ashirin da biyar da fili a tsakiya, 25 000, buhu ɗaya da rabi kuma 1,5 da waƙafi, yadda Faransawa ke yi. JavaScript ba ta san wannan ba, aya take so, 1.5, kuma ba fili. In ka ba ta na Faransa sai ta amsa da NaN, ma'ana abin da ka ba ni ba lamba ba ne. Jeri kuma daga sifiri yake farawa, mutum na farko a jerin masu bashi shi ne na 0. Ka ce in tuna dutsen kilomita na bakin titi, inda tafiya ta fara ai ba a rubuta 1.

Akwai dai guda ɗaya da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Cikin azumin 2024 ne, muna zama bayan asham saboda zafin rana yana kashe kwamfutar. A lokacin CEDEAO ta riga ta ɗage takunkumi tun Fabrairu, ɓangarenmu ya buɗe, amma tsallake yana rufe, mutane suna ta biyan bashi kaɗan-kaɗan yadda Allah ya hore. Na so shafin ya riƙa rubuta "ya gama biya" ga duk wanda bashinsa ya kai sifiri. Na rubuta if (bashi = 0) na ci gaba. Babu ja, babu ƙorafi. Sai da na duba jimla na ga bashin kowa ya zama sifiri, daga na farko har na ƙarshe. Kuɗin yayana, da na mutanen da suka ba mu albasarsu amana daga Karimama da Madekali, duk sun shafe a fuskar kwamfuta. Na ce innalillahi. Wannan karon ba ka bar ni na kwana da shi ba, ka ga yanayina. Amma ko a nan tambaya ka yi: "Alama ɗaya ta daidai, me muka ce tana yi?" Na ce zubawa. "To ku me kuke so, ku zuba ko ku auna?" Ina so in tambaya ko bashi sifiri ne, sai na ba da umarni a mai da shi sifiri. Aunawa da alama uku ake yi, ===, ita ce ke duba abu biyu ta ce daidai suke ko ba daidai ba, ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba.

Littafina mai baƙin bango yana nan, ba abin da ya ɓata. Kai ne tun farko ka hana ni ajiye shi, ka ce kada in yarda da shafin sai ya yi wata uku yana fitar da abin da biro ya fitar. A daren ka faɗi wata magana da na riƙe. Ka ce kuskuren da ke fito da ja mai sauƙi ne, wanda ake tsoro shi ne wanda ya bi ƙa'ida tsaf amma ba abin da kake nufi ba ke nan, don kwamfuta ba ta san haƙƙin mutane ba, mai rubutun ne ya sani. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Yaranmu da yawa suna ɗokin koyon abin nan don a ce sun iya, kuma ina murna da ɗokinsu. Amma wanda zai rubuta lissafin dukiyar wani, ko awon maganin wani, ya kamata a fara koya masa tsoron alama ɗaya kafin a koya masa ƙawata shafi.

Ka kuma koya mini layin da kwamfuta ba ta karantawa. In ka sa karan tsaye biyu masu jirkice, //, duk abin da ya biyo baya a layin na mutum ne, na'ura tsallakewa take yi. Ka ce in riƙa rubuta dalilin kowane abu a nan, da harshen da nake tunani da shi, saboda wanda zai zo bayana, ko ni kaina bayan wata shida. Fayil ɗina yanzu rabinsa Hausa ne. Akwai inda na rubuta cewa la'ada a kan buhu ake cire ta ba a kan jimla ba, akwai inda na rubuta cewa a tambayi ɗan canji kafin a taɓa wannan lamba. Ban taɓa rubuta Hausar boko mai yawa haka ba sai a cikin JavaScript.

Ban zama gwani ba, kuma ba shi na nema ba. Abin da nake da shi shafi ne guda, yana cikin tsohuwar kwamfutar da ka taimaka mini na saya, da kwafi a wayata, yana buɗewa ko babu intanet. Ina sa buhu da farashi da dako da fito da la'ada, ya fitar mini da jimla da sefa, da jika da dala, da naira. Manomi yana tsaye zan juya masa fuskar wayar ya gani da idonsa, da ƙirgar da ya saba. Gardamar da kan ci mana rabin sa'a ta ragu. Yayana, wanda da farko ya ce wasan yara nake yi da tsufana, yanzu shi ke cewa a duba a na'ura. In na maƙale, ina shiga shafukan MDN na Faransanci masu bayanin JavaScript da ka nuna mini, ina bi a hankali da ɗan abin da ya rage mini na lakwal.

'Yata ta biyu, wadda ke kawo mana ƙosai lokacin buɗa baki, ta fara zama kusa da ni da dare. Makon jiya ta manta rufe baka mai ƙugu, shafi ya ƙi tashi. Na ga wurin tun kafin ta gama juyowa. Malam, hannuna har ya tashi. Na tuna ka, na mai da shi ƙarƙashin cinya, na ce ta danna F12 ta karanta mini lamba. Ta ɗauki kusan rabin sa'a. Da ta gano, ihun da ta yi sai da uwarta ta fito daga ɗaki.

Sau uku ina kawo maka kuɗi kana mayarwa. Ka ce lokacin da kake koya mini kai ma ba ka da abin yi, zaman yana ɗebe maka kewa. Na san ba haka ba ne gaba ɗaya. Na san watannin nan haya tana binka, na san akwai daren da shayin nan shi ne abincinka, kuma da ka ce in biya da na biya ba tare da na ji komai ba. Ranar da za ka tafi Kwatano neman aiki ma ba ka tashi ba sai da ka kwafe mini fayil ɗin a wuri biyu, ka sa na buɗe kowanne a gabanka.

Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya da nisan kwana. Allah ya buɗa maka ƙofofin da ba ka zata ba, ya haɗa ka da masu yi maka haƙuri irin wanda ka yi mini, ya sa ilimin nan ya zama mai ceto ranar gobe.

Na sa buhun albasa ɗaya da rabin buhun shinkafar fadama a motar da za ta taso ranar Lahadi, direban zai kira ka in sun iso tasha. Na riga na biya kuɗin mota da na dako, kuma na gaya masa ko ka ce a mayar, kada ya ɗauko. Rabin shinkafar na Hajiya mahaifiyarka ne, ka kai mata da gaisuwata.

Naka, Kawunka na rumfar albasa.